Rawar bale da yayin sutura: wa ya yanke cewa wannan jikin ne kyakkyawa?

A watan Oktoban 2025 Misty Copeland ta yi rawar bankwana da kamfanin American Ballet Theatre a birnin New York. Shekara goma kafin nan, a 2015, ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a wannan kamfani da ya fara wasa tun 1940. Har ranar da ta ajiye takalmi ba a sake ɗaga wata baƙar mace zuwa matsayin ba.

Mai bin labarin daga nesa zai iya ruɗewa. Ana ta jin cewa duniyar bale ta canja: masana'antu sun fara yin takalmi mai launin baƙar fata, gidan Opera na Paris ya daina shafa wa 'yan rawa baƙin fenti, har ya naɗa matashin da mahaifinsa ɗan Senegal ne tauraro. Sai kuma a ji tsofaffin ɗalibai suna kai makarantun rawa ƙara saboda an tsangwame su a kan nauyin jiki, shagunan tufafi kuma sun cika da kayan da aka kwaikwayo daga 'yan bale, ana tallarsu a jikin mata sirara kamar yadda aka saba. To, an canja ne ko ba a canja ba?

Ba za a gane amsar ba sai an raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: abin da rawar kanta take nema daga jikin mutum, da abin da idon masu shirya wasa da masu biyan kuɗin kallo ya saba gani har ya ɗauke shi doka.

## Rawar da kayan aikinta

Bale rawa ce ta dandamali da ake ba da labari da ita ba tare da an buɗe baki ba, sai motsin jiki da kiɗa. Ana fara koyo tun yaro yana shekara bakwai ko takwas, a yi kusan shekara goma ana horo kafin a shiga sahun ƙwararru. Sana'a ce mai gajeren rai. A Opera na Paris, ɗan rawa na cika shekara 42 zai yi ritaya.

Abin da ya fi bambanta ta da sauran raye-raye shi ne tsayuwar mata a kan ƙarshen yatsun ƙafa. Ba ɗage irin na mai leƙen katanga ba ne; nauyin jiki gaba ɗaya yana sauka ne a kan tsinin yatsu. Akwai takalmi na musamman don haka, takalmin ɗage. Gabansa ba katako ba ne kamar yadda mutane da yawa ke zato. Yadi da takarda da manne ake jerawa hawa-hawa, a busar har su yi tauri, sannan a lulluɓe da satin. A masana'antar Freed da ke Landan har yau da hannu ake yinsa, kowane baduku yana da tambarin da yake bugawa a tafin takalmin, kambi ko makulli ko wani harafi, kuma 'yar rawa takan riƙe baduku ɗaya shekara da shekaru. Idan sabo ya zo ita za ta ɗinka masa igiya da hannunta, ta buga shi da ƙasa ko ta matse shi a bakin ƙofa don ya yi laushi ya daina ƙara a kan dandamali. Duk da haka babbar 'yar rawa kan iya cinye takalmi a dare guda, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne.

Sai doguwar safa da ke rufe ƙafa daga ƙugu har ƙasa, da siket na yadin raga, wanda telolinmu ke kira net, ko dai dogo mai saukowa ƙwauri ko gajere mai tsayuwa kamar faifai.

Akwai kuma ka'idoji biyu da duk gardamar take komawa gare su. Na farko shi ne abin da masu sana'ar ke kira layi: mai kallo ya ga jiki ya miƙe daga hannu ko kai har ƙarshen yatsa, babu abin da ya datse shi. Saboda wannan ne ake so safa da takalmi su saje da fata. Na biyu shi ne daidaiton sahu: a manyan wasanni irin su Swan Lake, mata 24 ko fiye suke fitowa tare, ana so su zama kamar jiki ɗaya.

## Daga fadar sarki zuwa farar aljana

Bale ta samo asali ne a fadojin Italiya, ta girma a fadar Faransa. Sarki Louis na 14 da kansa ɗan rawa ne. Yana shekara 14 ya fito a matsayin rana a wani wasa a 1653, a 1661 kuma ya kafa makarantar rawa ta sarauta. A lokacin rawar ta manyan fada ce, da kayan fada ake yinta: riguna masu nauyi har ƙasa, takalmi mai tsini, gashin kanti. Maza ne taurari. Sai a 1681 mata ƙwararru suka fara hawa dandamalin Opera na Paris.

Tun daga nan tufafi da rawa suke jan juna. Marie Camargo, wadda ta fara wasa a Paris a 1726, ta rage tsawon siket ɗinta zuwa saman idon sawu don a ga aikin da ƙafarta ke yi. Da aka ga ƙafa sai aka fara neman ƙari daga ƙafar.

Babban juyi ya zo a 1832, da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a matsayin aljanar iska, cikin farin siket mara nauyi, tana yawo a kan yatsu kamar ba ta taka ƙasa. Wasan Giselle na 1841 ya biyo da sahun fatalwar 'yan mata, su ma cikin farare. Daga nan aka samu abin da ake kira farin wasa, kuma daga nan ne siffar 'yar bale ta tsaya a kan mace fara sol, mara nauyi, wadda ba ta duniyar nan ba. Zamanin ma ya taimaka. A Turai ta wancan lokaci tarin fuka yana kashe mutane birjik, marubuta da masu zane kuma sun mayar da kamannin mai ciwon, wato rama da ɗashewar fata da manyan idanu, alamar kyau da taushin zuciya.

Launin ruwan hoda na safa da takalmi ma a wannan zamani ya kafu. Ba wata hikima ce ta ɓoye ba: an zaɓi launin da ya fi kusa da fatar matan da ke rawa a Paris a lokacin, don ƙafa ta yi kamar babu komai a kanta.

Wani abu da ya faru a 1862 ya nuna irin farashin da aka yarda a biya don wannan siffa. Da fitilar gas ake haska dandamali, yadin raga kuma ba ya jimirin wuta. A 1859 hukuma ta umarci a riƙa jiƙa kayan wasa da wani sinadari mai hana kamawa, amma sinadarin yana sa yadi ya yi tauri ya dusashe. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ta ƙi, har ta rubuta takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. A watan Nuwamban 1862 siket ɗinta ya kama wuta ana cikin gwaji. Ta yi jinya wata takwas, ta rasu a 1863 tana shekara 20.

## Yadda kayan dandamali suka shiga shago

Masu tsara tufafi sun daɗe suna ɗebowa daga bale. A 1909 Sergei Diaghilev ya kawo 'yan rawar Rasha zuwa Paris, ƙungiyar da aka sani da Ballets Russes. Kayan da Léon Bakst ya tsara wa wasan Schéhérazade na 1910, masu launuka masu ƙarfi da wanduna buje irin na Gabas, sun girgiza birnin, kuma a shekarun nan ne Paul Poiret ya cika kasuwa da rawuna da bujen wando na mata. A 1924 Coco Chanel ta tsara wa ƙungiyar kayan wasan Le Train Bleu, kayan ninƙaya da na wasan tanis, wato wannan karon titi ne ya hau dandamali.

Takalmin mata mai shimfiɗaɗɗen tafi, wanda yau babu kasuwar da ba a samunsa, jikan takalmin atisayen 'yan bale ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta ƙayyade sayen takalma amma ta bar na rawa, Claire McCardell kuwa ta haɗa kai da kamfanin Capezio aka sa wa takalmin rawa tafi mai tauri ya fita titi. A Faransa Rose Repetto, wadda ta fara ɗinka takalmi a 1947 saboda ɗanta ɗan rawa, ta yi wa 'yar fim Brigitte Bardot irinsa a 1956, ya zama yayi. A 1947 ɗin dai Christian Dior ya fito da rigar mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket, wadda kowa ya ga kamanninta da kayan 'yar bale. Tauraruwar Ingila Margot Fonteyn na cikin masu sayen kayansa.

Abin bai tsaya ba. Tun 2012 kamfanin New York City Ballet yake shirya bikin shekara-shekara da manyan masu tsara tufafi ke ɗinka wa 'yan rawa kaya. A 2022 kamfanin Miu Miu ya fito da takalmin satin mai madauri, TikTok da Instagram suka ɗauka, aka shiga sabon yayin ribon da ruwan hoda da siket ɗin raga.

Abin lura shi ne, ba yadi kaɗai kasuwa ta aro ba. Ta aro jikin da ke cikin yadin: dogon wuya, ƙaramin ƙirji, siririn ƙugu, kafaɗa a miƙe. Sai dai ta bar abin da ya samar da jikin, wato awa shida ko bakwai na atisaye kullum, da tsoka, da yatsu masu kanta. Mai sayen rigar tana ganin siffar, ba ta ganin aikin.

## Yaushe rama ta zama sharaɗi?

A nan ne gizo ke saƙar. Mutane da yawa sun ɗauka 'yar bale dama can siririya ce ƙwarai. Hotunan ƙarshen ƙarni na 19 ba su nuna haka ba. Pierina Legnani, Ba'italiyar da ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a St. Petersburg a 1893, ta maimaita a Swan Lake na 1895, mace ce gajera mai ƙirar ƙarfi da cikakkiyar ƙafa. Wannan juyi har yau yana cikin ma'aunan ƙwarewa. Anna Pavlova, da ta zo bayanta da siririn jiki, a makaranta ana ganin jikinta a matsayin rauni ne.

Wanda aka fi dangantawa da sabon mizani shi ne mai tsara rawa George Balanchine, wanda aka haifa a St. Petersburg, ya isa Amurka a 1933, ya buɗe makaranta a 1934, ya kafa New York City Ballet a 1948 tare da Lincoln Kirstein. Yana son gudu da dogayen ƙafafu da ƙaramin kai. A wasanninsa da dama ya tuɓe wa 'yan rawa siket da ado, ya bar su da matsattsun kayan atisaye, ta yadda babu abin da zai ɓuya a jiki. A 1963 Gidauniyar Ford ta ware dala miliyan 7.7 don bunƙasa bale a Amurka, kaso mafi tsoka ya tafi ga makarantarsa da kamfaninsa da masu bin tafarkinsa. Ɗalibansa suka bazu suka zama shugabannin kamfanoni. Da haka zaɓin mutum ɗaya ya zama mizanin ƙasa guda. A daidai lokacin kasuwar tufafi ma ta karkata can. A 1966 ne siririyar mai talla Twiggy ta yi tashe a Landan.

Masu kare Balanchine suna cewa an ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba. Taurarinsa ba jiki ɗaya gare su ba, kuma shi ne ya ɗauki Arthur Mitchell, baƙar fata, a 1955, ya haɗa shi rawa da farar mace a wasan Agon na 1957, lokacin da wariya ke da ƙarfin doka a kudancin Amurka. Gaskiya ne. Amma Gelsey Kirkland, ɗaya daga cikin taurarinsa, ta rubuta a 1986 cewa ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙirji ya ce yana so ya ga ƙashi.

Abin da ya biyo baya a rubuce yake. A 1997 Heidi Guenther ta kamfanin Boston Ballet ta faɗi ta rasu tana shekara 22, zuciyarta ta tsaya. Tun da farko an ce ta rage nauyi, daga baya kamfanin ya gargaɗe ta kada ta ƙara ramewa; kotu ta kori ƙarar da iyalinta suka shigar. A 2003 gidan Bolshoi na Mosko ya kori Anastasia Volochkova bisa cewa ta yi wa maza nauyin ɗagawa, alhali rahotanni sun ce nauyinta kusan kilo 50 ne. Kotu ta mayar da ita, amma ba a sake ba ta manyan wasanni ba. A 2012 gidan La Scala na Milan ya kori Mariafrancesca Garritano bayan ta faɗa wa jarida cewa ɗaya cikin biyar na abokan aikinta na fama da cutar ƙin cin abinci. Sai a 2016 babbar kotun Italiya ta tabbatar da cewa korar ba ta kan ka'ida.

Likitoci ma sun auna. Wani nazari da Jon Arcelus da abokansa suka wallafa a 2014, wanda ya tattara binciken shekaru da dama, ya gano cewa kashi 16.4 cikin 100 na 'yan bale na da wata larura ta cin abinci, kuma 'yan rawa sun ninka sauran jama'a kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa. Idan jiki yana aiki mai tsanani ba ya samun abincin da ya ishe shi, jinin al'ada kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni, ƙafa ta riƙa tsagewa. Wato ramar da ake cewa don rawa ake yinta ita ce ke gajarta rawar.

A watan Satumban 2023 shirin Panorama na BBC ya ji ta bakin tsofaffin ɗalibai fiye da 50 na makarantun Royal Ballet School da Elmhurst a Ingila, waɗanda suka ce malamai sun riƙa kushe jikinsu suna yara. Makarantun sun ce jin daɗin ɗalibai ne kan gaba a wurinsu, kuma ba su amince da duk abin da aka faɗa ba. A farkon 2025 Royal Ballet School ta sasanta da wata tsohuwar ɗaliba, Ellen Elphick, ta biya ta kuɗi ba tare da ta amsa laifi ba.

## Batun launi

Idan ruwan hoda shi ne launin fata a dokar gidan rawa, to mai baƙar fata ta shigo da matsala tun kafin ta ɗaga ƙafa. A shekarun 1930 ƙungiyar Ballet Russe de Monte Carlo ta yarda ta ɗauki Janet Collins bisa sharaɗin ta shafe fatarta da farin fenti. Ta ƙi. A 1951 ta zama baƙar 'yar rawa ta farko a Metropolitan Opera na New York. Raven Wilkinson, ita ma baƙar fata, ta shiga ƙungiyar Ballet Russe ɗin a 1955, ana sa ta ƙara farar hoda idan an je wasa jihohin kudu.

Arthur Mitchell ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969, bayan kisan Martin Luther King. A shekarun 1970 'yan rawarsa suka fara sa safa da takalmi masu launin fatar kowacce. Hujjarsu ba ta siyasa ba ce kawai, ta cikin sana'ar ce: idan layi ake nema, to baƙar mace mai ƙafa ruwan hoda an datse ta gida biyu.

Amma masana'antu ba sa yin takalmin. Don haka shekaru da dama baƙaƙen 'yan rawa da hannu suke rina nasu. Za ta sayi hodar ruwa ta kwalliyar fuska, ta ɗauki soso, ta shafe satin ɗin lungu da saƙo har da igiyoyi, ta bari ya bushe, ta sake shafawa. Ruwan hodar yana sassauta mannen gaban takalmin, sai ya mutu da wuri. Kuɗi biyu ke nan, ga ɓata lokaci, kuma duk mako. Ingrid Silva, 'yar Brazil da ke rawa a Harlem, ta yi shekara 11 tana haka. Takalminta guda yana ajiye yanzu a gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Washington.

Kamfanin Gaynor Minden ya fito da launukan ruwan ƙasa a 2017. A 2018 Freed ya haɗa kai da ƙungiyar Ballet Black ta Landan ya yi nasa. Bayan kisan George Floyd a 2020, dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardun koke, cikin 'yan kwanaki kamfanonin Bloch da Capezio suka yi alkawarin bin sahu. Abin da aka yi shekaru ana cewa ba kasuwa gare shi ba, ashe rini ne kawai.

A shekarar ce kuma Chloé Lopes Gomes, Bafaranshiya kuma baƙar mace ta farko a Staatsballett na Berlin, ta ce an umarce ta ta shafa farar hoda don Swan Lake. A 2021 aka sasanta a kotu, aka ba ta Yuro 16,000 da ƙarin kwantaragin shekara guda. A Paris, bayan koken wasu baƙaƙen 'yan rawa, gidan Opera ya sa Pap Ndiaye da Constance Rivière suka yi bincike. Rahotonsu na Fabrairun 2021 ya kai ga daina shafa baƙin fenti da amincewa da safa mai launin fata. A watan Maris na 2023, bayan wasa a Seoul, aka naɗa Guillaume Diop, ɗaya daga cikin masu koken, baƙar fata na farko a matsayi mafi girma na gidan.

Ba kowa ya bi ba. A Disambar 2019 Copeland ta soki hoton 'yan matan Rasha da aka shafe da baƙin fenti don wasan La Bayadère. Shugaban Bolshoi na lokacin, Vladimir Urin, ya ce an yi wasan haka sau dubbai kuma ba za a canja ba. A Faransa ma 'yar siyasa Marine Le Pen ta soki shirin gyaran Opera tun kafin rahoton ya fito.

## Hujjojin ɓangarorin

Masu riƙe al'ada suna da magana uku. Bale, in ji su, ba ta taɓa zama ta kowa ba, kamar yadda ba kowa ne zai yi tseren mita 100 ba. Namiji yana ɗaga mace sama da kansa sau da yawa a dare guda, bayansa da kafaɗarsa ne a kan layi. Sannan tsofaffin wasanni kayan tarihi ne, ba a gyara su don su dace da ra'ayin yau.

Magana ta farko tana da ƙarfi har wani mataki. Rawar tana neman ƙugu mai iya juya ƙafa waje, da idon sawu mai lanƙwasa, da ƙarfi da juriya. Waɗannan ana iya aunawa. Amma babu ma'aunin da ya nuna cewa ƙaramin kai ko fitowar ƙashin ƙirji na ƙara wa juyi kyau, kuma Legnani shaida ce. Batun ɗagawa ma gaskiya ne cewa nauyi yana da iyaka, sai dai 'yan rawa maza da yawa na cewa macen da ke da tsoka, ta san lokacin tsalle, ta iya riƙe jikinta a sama, ta fi sauƙin ɗagawa a kan wadda yunwa ta raunana. Hujjar tarihi kuwa ita ce mafi rauni, domin wasannin sun riga sun canja. Swan Lake da ake kallo yau ba na 1877 ba ne, tushensa gyaran 1895 ne, kuma an ɗaga ƙafa sama, an gajarta siket, an sauya takalmi, babu wanda ya ce an ci amanar tarihi.

Masu neman gyara su ma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin launin takalmi babbar nasara ce, domin yarinya ta shiga shago ta samu nata yana gaya mata cewa an san da ita. Wasu na ganin an ba su abu mai arha ne don a riƙe mai tsada. Kamfani zai iya odar takalmi kala huɗu a wata guda. Wanda za a ɗauka makaranta yana shekara 11, da wadda za a ba jagorancin wasa, wannan yana hannun mutum ɗaya ko biyu, kuma ba sai sun faɗi dalili ba.

## Inda abin ya shafi mai karatu

Yawancin masu karanta wannan ba za su shiga gidan Opera ba, amma kayan sun riga sun iso. Takalmin mata mai shimfiɗaɗɗen tafi, rigar yarinya mai tarin net da ake sayowa da Sallah, farar rigar amarya mai buɗaɗɗen siket, duk suna da dangantaka da wancan dandamali. Sa su ba ya cutar da kowa. Abin da ke biye da su a waya, hoton jikin da aka ce shi ne ya dace da kayan, shi ne abin da iyaye za su sa wa ido, musamman idan yarinya ta fara tsallake abinci ko al'adarta ta ɗauke.

Yaƙin launin takalmi kuma ɓangare ne na wani babba a kasuwar kwalliya, inda aka daɗe ana kiran launi ɗaya launin fata. Da kamfanin Fenty Beauty ya fito da hoda kala 40 a 2017, sauran kamfanoni dole suka faɗaɗa nasu. Ba bale ce ta kawo bilicin Najeriya ba, wanda NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, amma tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne: akwai launi na asali, saura su matso kusa da shi.

Akwai kuma yaran Afirka da ke shiga sana'ar kanta. A Masar akwai babbar makarantar bale tun 1958. Michaela DePrince, marainiyar yaƙin Saliyo da ta yi rawa a Holland da Boston, ta rasu a 2024 tana shekara 29. A 2020 bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11 yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama a Legas, ya zagaya duniya. Malaminsa Daniel Ajala yana koyarwa kyauta a makarantar Leap of Dance. Yaron ya samu gurbin karatu a Elmhurst ta Birmingham, ɗaya daga cikin makarantu biyun da shirin BBC ya yi magana a kansu. Duk yaron da ya bi wannan hanya, mizanin da aka bayyana a sama ne zai auna shi, nesa da iyayensa.

Ta fuskar doka, kasuwar tufafi ta ɗan riga bale. Tun 2017 Faransa ta wajabta wa masu tallan tufafi takardar likita kafin su yi aiki, ta kuma ce duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa jiki da kwamfuta sai an rubuta haka a jikinsa. A shekarar ce manyan kamfanonin tufafi, LVMH da Kering, suka daina ɗaukar mata mafiya rama. Ko a can tsugune ba ta ƙare ba: ƙidayar mujallar Vogue Business ta nunin tufafi na ƙarshen 2024 ta nuna masu jiki ba su kai kashi 1 cikin 100 na waɗanda suka fito ba. Dokar ta Faransa kuwa masu talla ta shafa, ba 'yan rawa ba. A kamfanonin bale da yawa na Amurka da Jamus kwantaragin shekara guda ake bayarwa, shugaba kuma yana iya ƙin sabuntawa da cewa dalilin fasaha ne, kamar yadda aka yi wa Lopes Gomes kafin ta je kotu.